Daɗin Hannu Kaɗai Ba Ya Mai Da Mutum Kuku

Kusan kowane gida akwai wanda ake yabon hannunsa a girki, kuma wannan yabon ne ke ingiza matasa da yawa su buɗe gidan abinci, wasu su rufe tun kuɗin haya bai zagayo ba. Tukunyar mutum goma daban, ta mutum ɗari uku daban. Abin da ake biyan kuku dominsa shi ne farantin da ya fita da azahar ya zo daidai da na bayan isha'i, a ɗanɗano da yawa da kuɗin da aka kashe masa. Wannan kuwa sai da awo da lissafi: kwanon shinkafa faranti nawa zai bayar, nawa gas da man gyaɗa suka ci, awa nawa naman da ke firji zai jure idan an ɗauke wuta.

Tsarin da manyan otal ke bi har yau ana jingina shi ga Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan a 1890. Ya raba aiki sashe-sashe, mai miya daban, mai gashi daban, mai kifi daban, kowa yana jin umarnin shugaba ɗaya. Sabon shiga daga yankan albasa da feraye dankali yake farawa, kamar yaron mai tsire da zai daɗe yana fifita wuta kafin a miƙa masa wuƙa. Ga tsayuwa ta wuni, ga ƙuna, kuma ranar sallah da kowa ke yawon ziyara, a ranar ne aiki ya fi yawa. Hotunan Instagram ba sa nuna wannan ɓangaren.

Wasu za su ce girki aikin mata ne, bai kamaci namiji ba. Maganar ba ta da tushe, tunda mai shayi da mai kilishi da mai balangu duk maza ne, ba wanda ya ga aibunsu. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa makaranta ba dole ba ce. Suna da gaskiya a wani fanni: Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ba ta yi makarantar girki ba, amma gidan abincinta Chishuru da ke Landan, inda har sinasir ake yi, ya sami lambar yabo ta tauraron Michelin a 2024. Sai dai ta shafe shekaru tana dafa wa baƙi a ƙananan liyafa kafin ta buɗe wurin a 2020, wato horon ta yi shi, a waje ne kawai. Makaranta irin ta koyon aikin otal da ke Bagauda a Kano taƙaita hanya take yi, musamman a tsafta da adana abinci da fitar da farashi, abubuwan da kuskure a cikinsu kan kai mai ci asibiti, ko ya cinye jarin mai dafawa.