YADDA AKE GANE KABARIN SOJAN DA YA RASU A YAƘIN BAMA

An shirya wannan bayani ne domin iyayen ƙasa na Wurno da Rabah da Goronyo, da malamansu. Mutanen wannan yanki sun san darajar kabarin da aka san mai shi, domin har yau ana ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837.

A Yaƙin Duniya na Biyu an ɗebi samari da yawa daga Arewa, aka sa su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma. Suka yaƙi Japan a ƙasar Bama, a kwarin Kaladan da jihar Arakan, cikin 1944 da 1945. Waɗansu ba su komo ba.

Ga yadda ake shaida gawa. Kowane soja yana rataye da 'yan alamu biyu a wuya, kore da ja, an buga lambarsa da sunansa da addininsa a kai. In ya faɗi, sai a cire jan a kai ofis, a binne shi da koren. Wanda aka samu ba alama akan gane shi ta haƙora ko kayan jikinsa. A zamanin yau har da gwajin ƙwayar halitta, wadda ake gwamawa da ta dangi. Da shi Amurka ta gane waɗansu sojojinta na ruwa da suka mutu a tsibirin Tarawa a 1943.

Tun daga 1951 aka riƙa tattara gawarwaki daga fagagen fama zuwa maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Akwai kaburbura 6,374 na wannan yaƙi a can, 867 ba a san masu su ba. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, kusan mutum 27,000, an sassaƙa sunayensu a ginshiƙan dutse da aka buɗe a 1958. Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, ita ke riƙe da rajistar, kowa kuwa yana iya dubawa kyauta ta intanet.

Amma akwai wuya guda. Sau da yawa akawun soja ya rubuta sunan mutum ya ɗora Sokoto a madadin sunan ubansa, har sunaye suka yi ta kama da juna. Lamba ce kaɗai ke rarrabe su.

Saboda haka ana roƙon iyayen ƙasa su sa a bi gidajen da aka ɗauki soja. Malami ya rubuta sunan mamacin, da na ubansa, da ƙauyensu, ya kwafe lambar daga tsohuwar wasiƙa ko takardar soja, sa'an nan ya mayar wa iyalin takardarsu. A hanzarta tun tsofaffin da suka san su suna da rai, domin a ambaci sunayen cikin addu'a ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.