Kifewar kwale-kwale a Adamawa: Lodi kaɗai ne matsalar?

A watan Satumbar 2023, kwale-kwale ya kife a tafkin Njuwa da ke Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, kuma cikin 'yan kwanaki wani ya kife a Gurin, Ƙaramar Hukumar Fufore. An yi asarar rayuka. Duk sa'ad da irin haka ta faru, akan ɗora laifin kan yawan lodi. Kimiyya ta yarda da wannan, sai dai ta ƙara da cewa inda aka ajiye lodin ma yana iya kifar da jirgi.

Masana sun bambanta yawan abu, wanda ake aunawa da kilo, da nauyinsa, wato ƙarfin da ƙasa ke janyo shi. Buhun masara mai kilo 100 yana nan kilo 100 ko a duniyar wata, amma nauyinsa a can kashi ɗaya cikin shida ne kawai. A kan kogin Binuwai, wannan nauyin ne ruwa ke tarewa. Tun fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, masanin Girka Arkimidis ya nuna cewa ruwa na ɗaga jirgi da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da jirgin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Don haka idan aka ƙara kilo 500, jirgin zai nitse har ya ture ƙarin lita 500, bakinsa ya matso kusa da ruwa, ƙaramar igiya ta samu hanyar shiga.

Sai batun cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin jirgi da kayansa ya tattaru. Idan buhuna na ƙasa, fasinjoji na zaune, cibiyar na ƙasa, jirgin da ya karkata zai komo daidai. Idan aka jibga kaya sama, ko mutane suka miƙe tsaye, cibiyar ta hau, karkata kaɗan ta isa. Nisa ma na da tasiri: kilo 50 a mita ɗaya daga tsakiya yana rinjaya daidai da kilo 100 a rabin mita. Shi ya sa ruguguwar fasinjoji zuwa gefe guda saboda firgici ke ƙarasa abin da iska ta fara. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya nitse a tafiyarsa ta farko a 1628 saboda samansa ya fi ƙarfin ƙasansa.

Ga jami'an hukumar NIWA da masu ba ministoci shawara, ƙirga kawuna bai wadatar ba. Ana buƙatar layin iyakar lodi a jikin kowane jirgi, da mai duba jerin kaya a mashigar Jimeta da sauran tashoshi, da rigar kariya ga kowane fasinja kafin damina ta kankama.