GIRIS A MAHAƊAR TIRELA: Inda Ake Shafawa Da Inda Ba A Shafawa

Duk wanda ya san Apapa a birnin Ikko, ko Ogere, ko Mararrabar Jos, ya saba ganin tireloli jere, waɗansu ɗauke da siminti, waɗansu taki, waɗansu man fetur, waɗansu kuwa shanu za su Kudu. Amma ba kowa ne ya taɓa sunkuyawa ya dubi abin da ya haɗa kan motar da bodinta ba. Ƙusa ce guda ɗaya tak, kaurinta inci 2, watau milimita 50 da 'yan kai, sai fa ta motocin da ke jan kaya masu nauyin gaske, wadda takan kai inci 3 da rabi. Ita wannan ƙusa a ƙarƙashin bodi take. Tana shiga cikin wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga da ke bayan kan mota, waɗansu haƙora su kama ta su kulle. Jan kaya aikin ƙusa ne, amma nauyin gaban bodi, tan da dama, a kan farantin yake zaune tun daga Ikko har Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000.

Mutanen Amurka suna kiran farantin nan "ƙafa ta biyar", sunan da ya samo asali tun zamanin keken doki, sa'ad da akan sa wani zoben ƙarfe a kwance bisa ƙafafun gaba don keken ya iya shan kwana. A shekarar 1914 ne wani maƙeri a birnin Detroit, August Fruehauf, ya ƙera wa wani mai sayar da katako bodin da ƙaramar motar Ford za ta ja masa kwalekwalensa, aka kuwa ga abin ya yi amfani har ya zama sana'a. Tun daga lokacin injuna sun sake, birki ya sake, amma har yanzu a yawancin motoci ƙarfe ne ke zaune bisa ƙarfe a wannan wuri, babu abin da ke tsakaninsu sai giris.

Ga dalilin da ya sa maganar ta wuce ta gyaran mota kawai. Idan direba ya murza sitiyari, kan mota ne ke fara juyawa, tilas kuwa ya sulale a ƙarƙashin bodin da ke danne da shi. Idan farantin ya bushe, sai ƙarafan biyu su cije juna, bodi ya riƙe kai, tayoyin gaba su yi ta kokawa da nauyin da ba nasu ba. A busasshiyar kwalta direba zai ji sitiyari ya yi tauri, ko motar ta ƙi miƙewa bayan an fita kwana, ya ɗauka ko iskar taya ce ta ragu. A kwaltar da ruwa ya jiƙa kuwa, ko wadda gas ya zube a kai, tayoyin gaba na iya sakin ƙasa, a murza sitiyari amma mota ta zarce gaba abinta. Wani lokaci kuma farantin ya cije, sa'an nan ya saki farat ɗaya, kan mota ya fizge. Wanda ya san kwanonin da ke tsakanin Okene da Lakwaja da damina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Alamun bushewa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ƙara mai kama da kukan tsohuwar ƙofa idan ana juya mota a hankali cikin gareji. Akwai jar ƙurar tsatsa a gefen faranti, da zane-zane masu ƙyalli a fuskarsa idan an cire bodi. Tayoyin gaba kuma sukan cinye kafin lokacinsu.

Kamfanin Jost na ƙasar Jamus, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera wannan faranti, ya ƙa'ide cewa irin wanda ba shi da shimfiɗa kada ya wuce kilomita 5,000 ba a raba shi da bodi an wanke an sake masa giris ba. A lissafin hanyar Ikko zuwa Kano, zuwa da dawowa sau biyu da rabi ke nan. Abin da ya sa ake ƙetare wannan ƙa'ida sananne ne: raba kai da bodi yana cin lokaci, mai kaya yana jira, sau da yawa kuma kuɗin giris daga kuɗin hanyar direba zai fito. Mai motar da ya bar al'amarin haka yana tsimin kuɗin gwangwanin giris, alhali tayar gaba guda ɗaya ta ninka shi sau da yawa.

Ko inda ake kula ɗin ma, akwai ɗabi'u biyu da ba su da kyau. Ta farko ita ce tuttula baƙin mai, watau wanda aka juye daga inji. Ba shi da kauri, nauyi na matse shi waje, zafin rana kuma ya tsiyayar da saura. Abin da wurin ke bukata shi ne giris mai jure matsi, irin wanda aka gauraya da garin girafait ko makamancinsa. Ta biyu ta fi yawa, ta kuma fi ɓarna: a yi ta lafta sabo bisa tsoho. A ƙasar da hunturu ke zubo ƙura wata da watanni, giris tarkon yashi ne, idan kuwa ya sha yashi ya zama abin wasa ƙarfe, yana cin farantin da aka sa shi ya tsare. Bugu da ƙari yana rufe tsagewar da ya kamata ido ya gani. Idan ya daskare cikin haƙoran kuma, sai su kasa kullewa sosai, direba ya ji ƙarar haɗuwa ya ɗauka an gama, ba zai san gaskiya ba sai bodi ya zame ya kifa da gabansa.

Saboda haka aikin kirki da kankara yake farawa. A sami fili mai tauri wanda ba gangare, a sa wa tayoyi waigi, a sauke ƙafafun bodi, a fitar da kai. A kankare tsohon giris ƙarƙaf, a wanke da kananzir ko gas, a dubi faranti da ƙusa da haƙora. Sa'an nan a cika 'yan kwaruruwan da ke fuskar farantin, don su ne rumbun da ke ciyar da shi a hanya, a ɗan fifita ɓangaren baya, tun da bodi zai turo giris ɗin gaba wajen shiga. Haƙora da maƙogwaron da ƙusa ke bi su ma a shafa musu. Wajen mayarwa a lura da tsawon bodi: in ya yi ƙasa da yawa zai share giris ɗin tun daga baki, in ya yi sama ƙusa na iya hayewa bisa haƙora. Daga nan a ɗan ja motar alhali birkin bodi na kame, kana yaron mota ko direban da kansa ya shiga da tocila ya ga kullewar da idonsa.

Wannan magana ba ta tsaya ga manyan motoci ba. A Amurka da Kanada da Ostireliya iyalai da yawa suna da ɗaki mai ƙafafu wanda suke ja da a-kori-kura in za su yawon hutu. Shi kuwa galibi ba faranti gare shi ba, wani dunƙulen ƙarfe ne kamar lemo a bayan mota, bakin tirelar ya hau kansa. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar ya sauka kan dunƙulen. Ɗaki mai tan 3 ke nan zai danna wutsiyar mota da kilo 300 zuwa 450, baya ya durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu su koma haska sama. Maganin da suka samo shi ne mahaɗa mai rarraba nauyi: sandunan ƙarfe biyu masu ƙarfin sifirin, bakinsu cikin mahaɗar, wutsiyarsu a ɗaure tamau jikin tirela da sarƙa ko maƙali. Aikinsu irin na mai tura baro ne, wanda in ya ɗaga hannuwan baron nauyi ya koma ƙafar gaba. Haka suke mai da wani kaso na nauyin ga tayoyin gaban mota, wani kuma ga na tirelar.

A wannan na'ura ne ake ganin cewa ba duk wurin da ke ƙara ke son giris ba. Dunƙulen yana so, kaɗan. Bakin sandunan, inda suke juyawa cikin mahaɗa ƙarƙashin matsi mai tsanani, shi ma yana so, in an hana shi ramin ya faɗaɗa. Amma akwai ɓangaren da aka yi musamman don ya cije, watau wanda ke hana tirela lilo idan iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce ta. Galibi wata sanda ce da ke zamewa tsakanin fatu irin na birki. Ƙara takan yi wajen shan kwana, mai mota kuwa ya ji haushi ya shafa mata giris. Ƙarar ta ɗauke, amma abin da ke riƙe tirelar ya tafi tare da ita, daidai da wanda ya zuba wa birkinsa mai don ya daina kuka. Akwai ma irin da kamfanin Andersen ke yi, wadda dunƙulenta ke zaune cikin wani mazubi mai cizo, ba a sa mata giris ko kaɗan. Don haka takardar wanda ya ƙera ita ce alƙali, ba kunnen mai mota ba. Masu jan janareta ko tankin ruwa ko kwalekwale da ƙaramar mota a nan gida, abin da ya shafe su shi ne dunƙulen: a goge, a shafa kaɗan, a rufe shi da wani abu idan an cire tirela don kada ya kwashi yashi.

Irin wannan bambanci ya iso manyan motocinmu ma. Cikin kawunan da ake shigowa da su daga Turai akwai masu faranti mai shimfiɗar roba mai santsi, wadda aka yi don ta maye gurbin laftar giris. Makanikin da bai san ta ba yakan cika ta da giris kamar yadda ya saba, yashi ya manne, robar ta cinye. Wani kuma ya ji an ce ba ta son giris sai ya bar wurin duka, alhali haƙora da ƙusa ƙarfe ne, suna nan da bukatarsu. Ita shimfiɗar abin da take nema shi ne ƙarƙashin bodi ya kasance a wanke, sumul, babu tsatsa babu ƙaiƙayin walda, domin tsohon bodi mai kaushi yana iya yage ta cikin 'yan tafiye-tafiye kaɗan.