Daga gonar rake zuwa kwalba: tarihin da bidiyon waƙa ba ya nuna maka

Kana cikin latsa waya sai ka ci karo da mawaƙi yana ɗaga kwalba a bakin teku. Ka taɓa tambayar kanka daga ina abin da ke ciki ya fito? To, sau da yawa raken nan ne da kake tauna da yamma, ko kuma inabi.

Mu fara da Brazil. A ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka kafa gonakin rake a can, daga nan aka samu barasar da ake kira cachaça. Ana matse rake, a bar ruwan ya tsima har sukarinsa ya juye ya zama barasa. Sai a dafa shi a tukunyar jan ƙarfe, tururin ya bi ta bututu, ya huce ya koma ruwa mai ƙarfin kashi 38 zuwa 48 cikin ɗari. Ita kuwa rum, wadda ta yi suna a tsibirin Barbados tun ƙarni na 17, yawanci da baƙin ruwan da ke saura bayan an cire sukari ake yin ta.

Na inabi fa? Mutanen Sifaniya ne suka kai inabi Kudancin Amurka, daga ruwansa ake tace pisco. Akwai tashar jiragen ruwa mai wannan suna a Peru, kuma har gobe Peru da Chile na jayayya kan wa ke da asalinta.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka. Su wa suka yi noman raken? Bayi ne daga Afirka. Sama da mutum miliyan 4 aka kai Brazil kaɗai, ba a kuma soke bauta a can ba sai 1888. Abin takaici, da ita wannan barasar ma aka riƙa sayen mutane a gaɓar tekun Angola. Cikin waɗanda aka kai Bahia akwai Hausawa, har sun shirya tawaye a 1807.

Ka ga ke nan, ba sai kana sha ba kafin tarihin ya zama naka. Idan kwalbar ta sake wucewa ta allon wayarka, ka tuna da hannayen da suka sare raken.