Labari ɗaya, littattafai 7

Idan kana ƙorafin cewa littafin adabin da aka ba ku na jarrabawa ya yi kauri, to saurari labarin Marcel Proust, wani marubuci ɗan Faransa. Ƙagaggen labarinsa, wanda sunansa ke nufin “neman lokacin da ya ɓace”, ya cika littattafai 7, kalmominsa sun haura miliyan 1.

Abin mamakin shi ne ba wani bin sawun ɓarawo a ciki. Mai ba da labarin ya tsoma ɗan kek a shayi, ya kai baki, sai ɗanɗanon ya dawo masa da ƙuruciyarsa gaba ɗaya: gidan gwaggonsa, titunan garin, mutanen da ya manta. Daga nan Proust ya yi ta bin tunani, ba abin da ya faru ba. Akwai jimlarsa guda mai kalmomi fiye da 800. Ni dai da na gwada shi a fassarar Turanci, sau uku ina komawa farkon shafi.

Kamfanonin ɗab'i sun ƙi shi da farko. Wani ma ya yi mamakin yadda mutum zai ɓata shafi 30 yana bayanin juye-juyensa a gado kafin barci. Proust ya biya kuɗin buga na ɗaya da aljihunsa a 1913. Na biyu ya ci kyautar Goncourt a 1919.

Ya rasu a 1922, bai ga fitowar ukun ƙarshe ba. Ƙaninsa Robert ne ya kula da buga su, na ƙarshen ya fito a 1927.