Illo: Yadda Bambancin Farashi ke Raba wa Matasa Aiki

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na tudu, da nufin toshe hanyar shinkafar waje. A Illo da Lolo da Tsamiya, garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo da ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, matakin ya zama sallamar ma'aikata ba takarda. 'Yan dako da 'yan kabu-kabu da masu fito da 'yan canji da matan da ke sayar musu da abinci duk sun wayi gari ciniki ya tsaya. A Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, har manomin da bai taɓa fasa-ƙwauri ba ya koma neman man injin ban ruwa wajen 'yan bumburutu.

Cin abinci da hanya tsohuwar sana'a ce a nan. Illo na cikin mashigan da fataken goro ke ƙetare kogin Kwara a kan hanyarsu daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, safarar da masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi a kanta a 1980. Da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasar Bargu a 1898, da tashar jiragen ruwan Illo suka auna inda layin zai taɓa kogi, mil 10 sama da ita. Layin ya bar Bussawa da Kyangawa da Dandawa da Fulani a ɓangarorin biyu, ya kuma haifar da abin da har yau ke ɗaukar mutane aiki: kuɗi iri biyu, haraji iri biyu, farashi iri biyu a kan kaya ɗaya.

Masana sun daɗe da gane haka. John Igué da Bio Soulé, 'yan Benin, sun bayyana ƙasarsu a littafinsu na 1992 a matsayin rumbun ajiya, wadda ke shigo da kaya ta Kwatano don su ƙare a kasuwannin Najeriya. Olivier Walther, wanda ya yi bincike a Gaya da Malanbil da Kamba, ya nuna cewa yawancin manyan attajiran wannan yanki na Dandi baƙi ne da iyakar ta jawo, kuma su ke riƙe da jari da sanayya a wurin hukuma. Wannan na nufin riba mai tsoka ba a hannun yaron da ya ɗaura jarkoki a bayan babur take ba. Shi ladan sawu yake karɓa, kuma shi ne kwastan ke fara kamawa.

Shekaru da dama aikin yana tafiya ta fuska biyu: shinkafa da gwanjo da motoci su shigo, fetur mai tallafi ya fita. Shekarar 2023 ta birkita lissafin sau uku cikin wata biyu. Ranar 29 ga Mayu Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ribar jarka ta zube. A Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, alhali sefa na ɗaure da yuro, ta yadda kafin ƙarshen 2024 nairorin da ake ba mai jakar sefa sun ninka. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, da takunkumin ECOWAS, da rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, wadda Yamai ta ci gaba da garƙamewa ko bayan janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Sakamakon farko shi ne akalar kaya ta juya. Mai sefa ya zama babban mai saye, masara da gero da siminti da kayan masarufin Najeriya suka yi masa araha, sai dillalai da 'yan dako suka koma loda masu fita. Na biyu ya shafi ƙwadago kansa. Arewacin Benin, yankin Kandi da Banikoara, ƙasar auduga ce mai neman hannu lokacin tsinka, kuma ɗan ƙwadagon da aka biya da sefa yana tsallakowa gida kuɗinsa su kumbura. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zaman kwana 90 ba biza, ko da yake a zahiri dangi da harshe sun fi takarda aiki. Na uku kuwa rufe gadar ya mayar da kaya da fasinja cikin kwale-kwale da hanyoyin zagaye ta Kebbi, masu fito suka samu kakar da ba su yi tsammani ba.

Wannan ma cin rani ne da sabuwar alƙibla. A ranin 1952 zuwa 1953, ƙidayar da R. Mansell Prothero ya nazarta ta samu fiye da mutum rubu'in miliyan suna fita ta Lardin Sakkwato neman kuɗi, da yawa zuwa gonakin koko na ƙasar Yarbawa da Gwalkwas. A lokacin damina ce ke tsara tafiya da dawowa. Yanzu sanarwar Abuja ko Kwatano ko Yamai na iya kashe sana'a cikin dare ɗaya, kamar yadda Benin ta hana fitar da ɗanyen waken suya domin ciyar da masana'antunta na Glo-Djigbé.

Gwamnati za ta ce ta tanadi madadin. A Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, kamfanin WACOT ya buɗe injin sarrafa shinkafa a Argungu a 2017, kuma fadamun Kwara sun cika da noman rani. Gaskiya ne shinkafa ta riƙe matasa da yawa a gida, domin dashe da yanka da sussuka duk aikin hannu ne. Amma ambaliyar 2020 ta cinye gonaki, cire tallafi ya sa man ban ruwa ya zama babban kuɗin noma, sannan a Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, farashin shanshera ya faɗi bayan taki ya riga ya hau. Manomin da ya yi asara a rani ɗaya yakan rage fili a na gaba, kuma 'yan ƙwadago ne ke fara ji a jika.

Alƙaluman hukuma ba su cika kama wannan ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sai ta sauya ma'auni, adadin ya koma 4.1 a farkon 2023, saboda yanzu aikin awa ɗaya a mako ya isa a ƙirga mutum cikin masu aiki. Da wannan ma'auni da wuya a samu marar aiki a Illo. Matashin da ya yi noma da damina, dako a kaka, kabu-kabu da rani, yana da aiki a takarda duk shekara, alhali babu ɗaya daga cikin ukun da zai dogara da shi har ya yi aure ko ya gina ɗaki. Hukumar da kanta ta ce sama da kashi 90 na ma'aikatan ƙasar suna cikin irin wannan aiki marar rajista.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke jiran waɗanda sana'arsu ta mutu. Masu iƙirarin jihadi sun kafu a dajin W na arewacin Benin, a Nuwamban 2024 kuma rundunar tsaron Najeriya ta tabbatar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi. Irin waɗannan ƙungiyoyi na buƙatar fetur da babura da wanda ya san hanyoyin daji, wato ainihin jarin ɗan sumoga. Duk manufar da ta toshe masa halak ɗin dako ba tare da ta buɗe wata ƙofa ba tana sauƙaƙa musu ɗaukar ma'aikata.

Injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana sun fara shiga fadamun Kebbi, kuma su ne sauyin da zai fi taɓa aikin yi a Bagudo, tunda suna cire fetur daga lissafin noman rani. Matsalarsu kuɗin saye ne a tashin farko, wanda ƙaramin manomi ba ya da shi sai da rance, ga shi Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya janye daga ba da irin wannan rance tun ƙarshen 2023.