Daga Yawunde zuwa gandun Binuwai da ƙaramin guzuri

Ma'aikacin da ya samu konje, ko aljihunsa ba nauyi, yana iya kai ziyara gandun dajin Binuwai na arewacin Kamaru. Jirgin ƙasa kan tashi daga Yawunde da maraice, ya kwana yana cin kilomita 622, ya wayi gari a Ngaundere. Daga nan sai kar mai zuwa Garwa, wadda ke bin gefen gandun. Da rani, mai gadin daji kan raka baƙi a ƙafa har bakin kogi, inda dorinai ke shan hantsi.

Amma mai niyya ya hanzarta. Mafarauta da masu haƙar zinariya sun matsa wa wannan daji da aka mayar gandun ƙasa a 1968. Baƙin karkandan yankin kuwa, tun 2011 aka bayyana ƙarewarsa.